Tafinta

Ƙarfe tara na dare a unguwar Zariya,
shagona kaɗai ke da haske a layinmu,
sai mai shayi can bakin kwalta.
Da la'asar na zuba wa injin Tsahiru sabon tsari,
na goge tsohon tas, kamar an wanke allo,
na ce masa gobe da hantsi ya zo ya ɗauka.
Bakina ya riga hannuna.

Na kunna. Tambari ya leƙo, ya ɓace.
Sai baƙi ƙirin.
Wani ɗigo fari a kusurwar hagu yana ƙifta mini ido
kamar ya san abin da ban sani ba.
Fanka tana huci a ciki,
katin hoto ya ɗau zafi, ya ƙi cewa uffan.

Ba mutuwa ya yi ba, na san shi.
Sabon maigida ne ya tare,
yana magana, kati bai jin yarensa.
Tafinta ake nema tsakaninsu,
shi ne direban da ba ya tuƙa mota,
ba ya lodi a tashar Dakoro,
amma in babu shi ba mai motsawa.

Na zagaya ta ƙofar baya.
Allo ya buɗe, sai dai komai ya kumbura:
haruffa manya kamar na allon asibiti,
agogo ya baje, ya koma faifai.
Hoton da Tsahiru ke gyarawa,
mahaifinsa ne, marigayi Malam Nomau,
tsaye gaban buhunan gyaɗa a tsohuwar kasuwa.
Dogon mutum ne, an ce, siriri kamar kara,
ga shi nan gajere, fuska shimfiɗe,
hula ta yi faɗin murfin tukunya.
Na kau da kai. Kunya ta kama ni a madadin inji.

Na jona wayata, na sayi forfe na jaka guda.
Layin lodi yana jan ciki,
sittin, saba'in da ɗaya, tamanin da bakwai,
kuran ya ɗauke.
Daga nesa wani ya yi salati, wani ya yi tsaki.
Ni na zauna cikin duhu ina kashe sauro.

Sha ɗaya saura ya dawo.
Na sauke, na girka, na sake kunnawa.
Baƙi ƙirin. Ɗigon nan dai, yana ƙifta ido.

Sai na kwance murfi, kusa huɗu a tafin hannu,
na haska fitilar waya kan katin.
Lambar da na rantse bakwai ce, ɗaya ce,
ƙura ta yi mata wutsiya.
Tun magariba tafintan maƙwabci nake kirawo.

Na tumɓuke na farko har saiwa,
na kawo nasa, na jira.
Allo ya ɗauke numfashi sau biyu
kafin ya buɗe ido.

Ga Malam Nomau ya miƙe,
tsawonsa ya dawo, hula ta hau kai daidai,
har zaren da ya zare a bakin aljihunsa ana gani,
har inuwar wanda ya ɗauki hoton.

Mai shayi yana kife kofuna.
Na ce ya bar mini ɗaya, kar ya sa madara.