Inna da Bahar Maliya

Mun loda tsohuwar Jims tun kafin assalatu:
tabarma biyu, tukunyar kabsa, fulas ɗin gahawa,
yara uku masu faɗa a kan taga,
da Inna, wadda ta ce ita rakiya kawai ta zo,
ta zaɓi ɓangaren da ba ya kallon teku.

Daren jiya Jidda ta cinye mini riyal ɗari uku
a filin wasan da ke bakin ruwa.
Mudassir, mai cika bakin ba ya tsoron komai,
jirgin nan mai hawa sama ya kifo da ka
ya sauke shi yana kiran sunan uwarsa.
Jawahir ta hau majaujawa sau huɗu,
ta mayar da alewar auduga a kan takalmina.
Inna na kan benci, carbi a hannu:
"A biya kuɗi a sayi hajijiya?
Mu a zamaninmu yunwa kyauta take ba mu ita."

Hanya ta miƙe kamar zaren da aka ja daga bakin zane.
Rabig ta wuce.
Raƙuma suka daina tuƙa, suka bi mu da ido.
Na'urar sanyi ta mutu kafin Yanbu.
Rakiya ta jiƙa gyale tana shafa wa auta,
ba ta ce "ai na faɗa maka" ba,
shirunta ne ya faɗa sau bakwai.

Sai ga ruwa.
Ba shuɗi ɗaya ba: na baba, na bula,
da wani kore-kore da ban san sunansa ba
da Hausa ko da Larabci.
Ƙaguwoyi na gudun gefe-gefe kamar waɗanda ake bi bashi.
Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya, ko sannu bai yi mana ba.
Tamim ya cika aljihu da katantanwa,
ɗaya ta fito da ƙafafu ta kama gabanta.
Wani masunci ya rantse ya ga ayu da hantsi;
mu dai bayan wani baƙin abu muka gani, ya nutse.
Rakiya ta ce tsohuwar taya ce.

Inna ba ta fito daga mota ba.
Shekara sittin da ɗoriya ke nan
da aka ɗauko su daga Sawakin a jirgin katako,
su tara, cikin dare, ba fitila.
Takwas suka taka yashin Hijaz.
Ƙaninta Ɗanlami...
nan zancen yake tsayawa kullum.

Bayan isha mai gadin gaɓa ya ce a kashe fitilu.
Yashi ya fara motsi kamar talge a kan wuta.
'Ya'yan kunkuru, kowanne bai kai tafin Tamim ba,
suna tonowa, suna kifewa, suna tashi,
ba uwa, ba jagora,
sai hasken wata a kan igiyar ruwa.
Ɗaya ya ɓace hanya, ya nufo mota.

Muka ji ƙarar ƙofa.
Inna ce, ba takalmi.
Mai gadi ya ce kada a taɓa; ba ta taɓa ba,
bakin zanenta ta gitta masa.
"Ba nan ba, ɗan nan. Can.
In ka gan shi, ka ce mun iso.
Ka ce mun yi yawa yanzu, har mota ba ta ɗaukar mu."
Ta bi shi taki-taki
har ruwa ya kama ta a idon sawu,
ta tsaya, ba wanda ya kira ta.

Da safe sai da turi Jims ta tashi.
Gishiri ya bar farin layi a zanen Inna,
ta hana Rakiya wankewa.
Ta ture Mudassir daga tagar teku, ta zauna.
Mun kusa Rabig ta taɓo kafaɗata:
"Wai majaujawar nan, nawa ake biya?"