Rijiya Ta Goma Sha Bakwai

Faranti ne, bai fi tafin hannuna ba,
amma rijiyoyi casa'in da shida ne a cikinsa,
kowacce ba ta cin fiye da ɗigon hawaye.
A nan nake kiwon maƙiyiyata.
Ina ba ta abinci kan kari, ina auna mata ɗumi.
In an ɗauke wuta, ni ke rugawa bayan ɗaki
in roƙi Malam Ɗayyabu ya ta da janareta
don kada sankara ta ji sanyi.

Farfesa ta ce: kowace ƙwayar halitta
da sanin ranar naɗe tabarmarta aka yi ta.
Waɗannan sun manta.
Aikinmu tuni ne kawai:
mu samo sinadarin da zai ƙwanƙwasa ƙofa
ya ce, ke, dare ya yi,
ba tare da ya ta da maƙwabta masu lafiya ba.

Shekara uku ina ɗigawa.
Na huɗu ya cinye kowa, kamar gobarar kasuwa.
Na tara, ko gezau.
Na sha ɗaya ya ƙare a kwalba,
kuɗin sayo wani har yau suna kan teburin wani.

Tasi'u zabiya ne, wana, ciki ɗaya.
Rake yake sayarwa a Ƙofar Ƙaura, rana a tsakar ka.
Malafarsa ta yage, kullum sai gobe zai sayi wata.
Ƙurji ya fito masa a bayan kunne, bai kai ƙwayar dawa ba.
Muka shafa man kaɗanya.
Muka shafa duk abin da aka ce mu shafa.

Ga yadda ake karanta farantin:
a zuba rini, a jira awa huɗu.
Inda sankara ke raye, rijiya ta yi duhu, ta koma shunayya.
Inda ta mutu, sai ruwan ya tsaya fayau,
ɗorawa-ɗorawa, kusan fari.

Yau bayan la'asar
ta goma sha bakwai ta fito da launin
da yaran layinmu ke bi da waƙa da jifa.
Launin goshinsa.
Na daɗe riƙe da shi a gaban taga.

Farfesa ta gyara tabarau, ta ce,
Murjanatu, faranti ba mutum ba ne.
Maimaita sau uku.

Na sani.
Na rubuta lambar, na wanke hannu, na tari Keke Napep.
A Ƙofar Ƙaura wani yaro ne yanzu a gurbinsa,
yana fere rake da kai ba hula.