Ilu Zan Ɗaga Wa Hannu

Shekara biyu ke nan ba na gaisawa da Ilu.
A kan wili ɗaya muka ɓata:
na ce a hannunsa ya lanƙwashe,
ya ce a lanƙwashe na kawo shi.
Tun ranar nake zagaye rumfarsa
ta bayan masu jabana,
ko da tayata tana numfashin ƙarshe.

To, Juma'ar nan bayan la'asar
'yan keken Kasala za su zaɓi shugaba,
kuma Ilu zan ɗaga wa hannu.

Kada ku ce tsufa ne ya taɓa ni.
Ni ne mai madarar da ƙararrawarsa ke riga zakara,
garwa biyu a kariya,
daga bayan lambunan ayaba zuwa kasuwa,
gadar Gash sau huɗu a yini.
Na san inda kwalta ta ci amana.
Na san irin direban da ke matse mutum
har gwiwa ta goga ƙarfen gada,
shi kuwa yana dariya a waya.

Ustaz Mudassir ya zo taro da mota.
Ya ɓoye ta bayan masallaci, ya ƙaraso da ƙafa,
sai makullin ya riƙa tona shi daga aljihu.
Ya yi mana alkawarin riguna masu tambari,
da tsere sau ɗaya a shekara, har da kofi.
Bakinsa zuma, ban ƙi shi ba.
Amma wanda bai taɓa tura keke a rairayi ba
rana tsaka, sarƙa a tsinke,
ina zai san nauyin garwa?

Ilu bai iya magana ba.
In ya miƙe a taro sai ya yi ta murza hula,
yatsu baƙi ƙirin da sholisho da man sarƙa.
Abin da ya mallaka littafi ne,
irin na 'yan firamare, bango ya sha maiƙo.
Duk keken da aka kawo masa a murɗe
sai ya rubuta rana, wuri, sunan mai shi,
ya tashi ko bai tashi ba.

Yaron shagonsa ya taɓa nuna mini.
Shafi na sha ɗaya, layi na uku:
Tasi'u ɗan Bawale, bakin gada, Talata, motar albasa.
Ɗana ne.
Ya tashi, alhamdu lillahi,
sai dai har yau ƙafar hagu a baya take biyo shi.
Lokacin muna tsakiyar gaba da Ilu.
Bai zo dubiya ba.
Keken yaron kawai na tarar a ƙofar gida da asuba,
a miƙe, da sabon birki,
ba sallama, ba lissafi.

Sau bakwai ya kai littafin nan ofis.
Sau bakwai aka ba shi shayi
aka rako shi da "sai wani makon".
Fitila ɗaya yake roƙo a bakin gada,
da farin layi a gefen hanya,
faɗin taku biyu, inda mai feda zai wuce da ransa.
Ba kujera yake nema ba, hatimi ne,
don takarda mai hatimi
ba a sallamarta da kofin shayi.

Saboda haka in duwatsun Taka suka fara ja,
zan jingine tsohon kekena a jikin darbejiya,
in ɗaga hannu sama
har masu ƙirga su ce, Baba, mun gani, sauke.
Sannan in wuce ta gabansa ban ce uffan ba.

Maganar wili tana nan.
Shi ya lanƙwasa shi.