Kabar Giwata

Gwaggo Tsahara ce ta kawo min ita daga Jiratawa,
ɗan tsiro guda cikin gwangwanin tumatir mai tsatsa.
Ta ce, "Aje ta kusa, maganin ƙuna ce,
ke da dutsen guga bai barin hannunki lafiya."

Na sayo mata tukunyar roba a Babbar Kasuwa,
shuɗiya, mai zanen fure, jikka guda da rabi.
Ban juya na dubi gindinta ba.
Na ɗebo ƙasa daga turken awaki,
baƙa wulik, irin wadda masara ke so.

Da safe in ba ta ruwa.
Da la'asar in ba ta ruwa.
Abin da ya rage a butar alwala, nata ne.
Lokacin da famfon Ali Ɗan Sofo ya ɗauke kwana uku,
na tsai da mai garuwa, na sayi jarka biyu,
guda ta girki,
guda kuwa kada ku tambaye ni.

Sai ganyenta ya soma laushi
kamar ayabar da ta kwana a aljihun yaro.
Na ce rana take so, na ɗora ta kan katanga,
zafin bazara ya mai da ita ja kamar tsohon kwano.
Na ce inuwa take so, na shigar da ita ɗaki
kusa da keken ɗinki,
ta yi fari fat, ta miƙa wuya tana neman taga.
Wasu ƙwari kamar ɓurɓushin auduga
suka tare a hammatar ganyenta.

Baba Cindo mai kawo zogale da salati a kan keke
ya tsuguna, ya tura yatsa cikin ƙasar,
ya zaro, ya shinshina, ya yamutsa fuska.
"Ba ƙishirwa ce ba, ɗiyata.
Nutsad da ita kika yi."

Ya zazzage ta a kan buhu.
Saiwoyin sun ruɓe, warin albasar bara.
Ya sa sabuwar reza ya datse baƙin,
ya shafa toka a bakin ciwon,
ya goge ƙwarin da tsumma da ruwan bedi,
ya kwantar da ita ƙarƙashin rumfa, ba ƙasa, ba tukunya.
"Kwana uku. Kada ki taɓa ta."

Kwana uku!
Sau nawa na tsinci kaina tsaye a kanta,
buta a hannu, kamar ɓarauniya?
Daren na biyu na ɗauki waya
in kira Nahi'u a Yamai, karo na huɗu tun safe,
in ji ko ya ci abinci, ko ya rufe taga.
Na dubi wayar. Na dubi butar.
Na aje su duka biyun a kan dakali.

Baba Cindo ya dawo da tukunyar yumɓu mai huji,
tsingaro a ƙasa,
yashin gulbi kashi biyu, ƙasa kashi guda.
"Ki sa yatsa gaɓa biyu.
In kin ji sanyi, koma ga ɗinkinki.
Hantsi ya ishe ta. Damina ta faɗi, ja ta inda ba ɗiga."

Ta yi wata guda tana fushi da ni.
Sannan wata safiya, daga tsakiyarta,
ɗan kore kamar harshen ƙadangare.
Nahi'u ma, da kansa ya kira ran juma'a,
ya yi ta zuba har kuɗin wayarsa suka ƙare.

Yanzu 'ya'yanta biyar, suna ture juna.
Jiya garwashi ya faɗo min a bayan hannu,
na yanki ganyen ƙasa, mafi tsufa,
na bari ruwan ɗacin ya tsiyaye, na shafa sanyin.

Guda na ba Barira maƙwabciyata.
Ɗazu ta saman katanga na hango ta
ta nufi tukunyar da moɗa cike.