Littafi Mai Jan Bango

A bayan gidana a Hayin Dogo
akwai ɗaki mai taga ɗaya
wanda Hurera ba ta shiga ko da tsintsiya.
Akwati goma sha bakwai, kowanne da lamba,
kowanne da mesa, ƙananan nan masu kunya
da ke dunƙulewa kamar curin fura
su cusa kai a tsakiya in ka taɓa su.

Shekara ashirin da shida ina wanke kwalabe
a sashen likitan dabbobi na jami'a.
Abin da na fito da shi:
fansho mai zuwa a makare,
hannun da ba ya rawa,
da littafi mai jan bango
inda nake rubuta wace ce uwar wace.

Ta uku ruwan ɗorawa ce.
Ta tara fara sol, ido shuɗi-shuɗi.
Ta sha ɗaya kamar an tsamo ta daga marina
kafin baba ya kama.
Amma ta shida ake zuwa kallo:
siririn baƙi a kan ruwan zinariya,
kai ka ce masu aikin allura na cikin birni
sun yi wata uku a bayanta.

Sai ta ɗaga kai.
Kan ya yi ta karkarwa,
ya kife, ya kalli rufi,
kamar mai neman alƙibla a garin da bai sani ba.
Kyan da ciwon gado ɗaya ne.
Ba a raba su da wuƙa.

Tukur ya zo daga Sabon Gari ran Laraba
da waya cike da hotuna.
Ya ce, haɗa ta da namiji mai irin zanenta,
akwai masu jira a Legas.
Ya jera kuɗin a kan murfin akwatinta,
sababbi, har suna ƙamshi.

Na buɗe masa shafi na arba'in,
shekarar da kwaɗayi ya ci ni.
Ƙwai bakwai. Kwana hamsin da takwas.
In an ɗauke wuta, ni da kwalbar ruwan ɗumi
mu kwana a tsugune.
Biyu ba su fasa ba.
Ɗaya ta fito da baya a lanƙwashe kamar lauje,
ta sha iska sau uku, ko huɗu.
Na haƙa musu rami a gindin zogale.
Ya ce, to sauran fa? Ai sun mayar da kuɗi.

Akwai shafin da ba ya cikin littafin.
Lurwanu. Shekararsa tara.
Benci mai sanyi a asibitin Shika,
ledar jini tana ɗiga a hankali,
shi kuma yana cewa, Baba, ƙashina ne, ƙashina.
Ni da uwarsa ko zazzaɓi ba ya kayar da mu,
ashe kowa na ɗauke da rabin abin a jininsa.
A lokacinmu ba wanda ya auna.
Ba na jayayya da abin da aka rubuta.
Amma wannan, alƙalamin a hannuna yake.

Tukur ya tattara kuɗinsa.
Na ji babur ɗinsa har kwanar Samaru.

Bayan isha'i na ɗauko ɓera da dogon awartaki,
na riƙe mata shi cak.
Ta kai sara, ta sami iska.
Ta sake, ta sami bangon akwati.
Ba inda za ni.

Hurera ta tsaya a bakin ƙofa,
ƙafarta daidai dokin ƙofar, ba ta ƙetare ba.
Ta ce, tuwo ya huce.
Ta yi shiru.
Ta ce, mai rawar kan nan, ta ci?

Na ce, ta ci.