Injin Sallau

Da sassafe Sallau ya turo injinsa a baro,
ya ce, "Duba min shi, tari yake, ba ya jan ruwa."
Na kwance filogi, na hura, na goge da gefen riga,
na leƙa mai, na matse tiyo, na fizgi igiya,
ya tashi garau kamar maraƙin da aka kwance.
Na ce, "Sallau, injinka lafiyarsa ƙalau.
Galma ce ba ta da abin ba shi."

Bai tanka ba. Ya sani tun daga gida.
Mai laifi yake nema,
irin wanda ake gyarawa da dubu biyu.

Shekara goma sha tara ina bakin titin Dakace,
hannuna bai taɓa rabuwa da baƙin mai ba.
Da, in rani ya tsaya, ko abinci a tsaye nake ci,
fadama na ruri tun asuba,
kowane inji da muryarsa, ni kuwa na san mai kowace.
Yanzu daga nan ina jin kukan kurciya a tsallaken kogi.

Mutum biyar ke ci a lambun Sallau.
Cindo mai jan tiyo daga fangali zuwa fangali
yana Sabon Gari, jarka goma sha biyu a kura,
ruwan da ya rasa ya ba tumatir
shi yake sayar wa masu gidan sama.
Barau na loda yashi a tifa
daidai gurbin da ya koyi iyo.
Sauran ukun an ce Kaduna, an ce Abuja,
wayarsu dai ba ta shiga.

Lantana ta daina kawo ɗanwake bakin fadama,
wa zai saya?
Tsoho Jatau ya saƙa kwando ɗari da hamsin tun kaka,
suna jibge a zaure, gara ta fara taya su.

Sallau ya haƙa rami a cikin kogi, gaba biyu,
ya ƙara rabi,
abin da ya tsatso bai fi alwalar liman ba.
Albasa ta kwanta, tattasai ya zubar da fure,
bashin taki kuwa ko ganye bai yanƙwane ba,
shi ba ya jin ƙishirwa.

Can ya ce, "In an sayar, nawa zai yi?"
Na nuna masa bayan rumfa da haɓa:
guda bakwai a jere, ja da ruwan ɗorawa,
duk lafiyayyu,
duk masu su sun yi min wannan tambaya.

Ya sauke na takwas da kansa.
Na tsiyaye ragowar fetur a gorar lemo na miƙa masa.
Ya ɗaga ta sama, ya auna da ido,
ya kwantar da ita a baro,
ya tura.