Ninki Huɗu

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi
a gidan injin da ke gaba da Rigachikun,
inda dogon ƙarfe ya tsaya da ƙafa ɗaya
kamar zalɓe, da jar fitila a kansa.
Ba a taɓa jin muryarsa a rediyo ba.
Shi dai aikinsa tura ta wasu ta yi nisa.

Wata Laraba na kai masa tuwo a langa,
na tarar da shi da Bitrus, abokin kwanan aiki,
sun zuba wa allura ido tana rawa a gilashi.
Ɗakin na gurnani, yana warin waya mai zafi.
Na ce, Baba, ku ƙara wuta mana!
Goggo Lanti a Birnin Gwari ta aiko,
wai sai ta ɗora akwatinta kan rumbu,
ta yi ɗage, ta riƙe numfashi,
kafin gaisuwar Juma'a ta isa.

Ya yi dariya, ya ciro alli a aljihu,
ya tattare riga, ya tsuguna ƙasa.
"Uwani, in kin ninka wuta
ba ki ninka zango ba.
Cokalin gishiri ne: a kasko ya ji,
a tukunyar biki ki neme shi ki rasa.
Kina son tafiya ta ninku sau biyu?
Biya ninki huɗu, ba ragi,
kuma daji ya ci la'ada,
dutse ya ɗebi nasa.

"Amma bari rana ta faɗi.
Sama kan zama faifai da dare,
abin da muka cilla ta tare, ta maido."
Ya jawo aljihun tebur: wasiƙu fal,
daga Agadas, daga Garwa, har da Kumasi,
mun ji ku rangaɗaɗau bayan isha'i.
"Da wutar nan dai. Ko anini ba mu ƙara ba.
Lokaci ne ya ɗauki kayan ya ƙarasa."

Yau ga shi a ɗakin ƙofa, Unguwar Shanu,
ɓarin dama ya daina jin umarni.
Muryar ta koma zare, ba ta kai bakin gado.
Yayyena in sun zo sai su ɗaga harshe:
BABA, YAYA JIKI? KA SHA MAGANI?
Suna ta ƙara wuta a inda ba a rasa ta ba,
su kaɗa makullin mota, su tafi
tun bai gama haɗa amsa.

Ni kuwa Goggo Lanti nake tunawa,
da rumbunta, da ɗagen da take yi.
Ashe rabin zango na mai sauraro ne.
Sai in jira masu janareto su gaji,
Keke Napep na ƙarshe ya wuce Kawo,
in ja kujera 'yar tsuguno,
in riƙa murɗa kunnena a hankali,
hagu kaɗan, dama kaɗan,
ta cikin shuuu ɗin numfashinsa.

Jiya, wajen ƙarfe biyu, na kama shi tar.
Ya ce, "Bitrus ya zo karɓar aiki?"
Bitrus da muka raka Kakuri shekara tara.
Na ce, yana hanya, Baba, kwanta,
ni zan duba allurar kafin ya iso.
Ya lumshe ido.
Can ta taga, gabas da arewa,
jar fitilar wani ƙarfen na ƙiftawa a bisa.